Takardar Baƙo, Nauyin Wa?

Duk wanda ya zauna a Araba ya san cewa da an gama girbi, samari daga Birnin Konni da ƙasar Adar sukan ƙetaro ci-rani. Wasu su shiga lambunan albasa, wasu dako a kasuwar Illela, wasu gadi ko ga-ruwa. Harshenmu ɗaya da su, sau da yawa kakanninmu ma ɗaya. Saboda haka idan aka ce wa maigida hukuma tana so ta san baƙon da ya ɗauka aiki, dariya yakan yi: yaushe ɗan Konni ya zama baƙo?

Amma doka tana nan. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta ɗora wa mai ɗaukar ɗan wata ƙasa aiki nauyin neman izini. Kamfanoni sukan nemi gurbin ma'aikatan waje daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, su riƙa kai rahotonsu wata-wata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba tare da biza ba. Mai son zama ya yi aiki sai ya nemi katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, kuma a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar su yi zirga-zirga kafin wani sabon umarni. Wannan kuwa aro ne, mai shi yana iya karɓar abinsa.

Mun yarda cewa an ɗinka rigar nan daidai jikin manyan kamfanonin Legas, ta yi wa mai lambu yawa. Duk da haka, bari mu tambayi lamirinmu: idan baƙo ba shi da takarda, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar hasara? Ranar 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, cikinsu har da 'yan Nijar masu yawa. Su suka kwana a hanya da kaya a ka. Iyayen gidansu kuwa suka kwana a ɗakunansu.

Ma'aikacin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, ba ya kai ƙara. Idan aka rage masa lada sai ya haɗiye, domin kalma ɗaya a kunnen jami'i ta isa ta mayar da shi gida hannu wofi. Maigida ba ya ma bukatar furta barazanar. Dukansu biyu sun san tana nan. A 1981, cikin wasiƙarsa a kan aikin ɗan Adam, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa kada a mai da halin ƙuncin baƙo dalilin biyansa ƙasa da ɗan gida. A ganinmu, wanda ya guji rajista don jahilci ko tsoron wahalar ofis yana da uzuri. Wanda ya guje ta domin bakin yaronsa ya kasance a rufe, zalunci yake yi, ko da yana kiransa ɗan'uwa.

Ofishin jami'an shige da fice yana nan bakin iyaka. Ɗan ci-rani yana jin tsoron shiga shi kaɗai, kuma yana da dalili. Maigidan da aka sani a gari shi ya kamata ya raka shi, ya tambayi abin da ake bukata, ya biya kuɗin daga aljihunsa, kada ya cire daga ladan yaron.