TSEREN DA BA A CINSA SAI NA BAYA YA ISO

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wani irin tsere ne wanda samarinmu su ke gani a talabijin da wayoyin hannu, har yana ba su sha'awa. Tsere ne na ƙungiya-ƙungiya. A kan raba mutane bibbiyu ko hurhuɗu, a ba kowace ƙungiya taswira da jerin wuraren da za ta taka, sa'an nan a sake su, su yi gudu a nan, su hau keke a can, su haye ruwa, su warware wata matsala, har su dawo inda aka yanka musu. Wani Bafaranshe mai suna Gérard Fusil shi ya shirya babbar gasa irin wannan a dazukan ƙasar Niyu Zilan a 1989, aka yi wata a Amurka a 1995, daga baya aka shigo da abin cikin birane, inda lunguna da kasuwanni da tashoshi suka maye gurbin duwatsu da koguna.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata doka tasu guda ɗaya. Ba a ƙidaya ƙungiya ta iso sai mutuminta na ƙarshe ya iso. In ɗaya ya kasa, ya zauna a hanya, to, sauran sun fita daga sahun masu neman lambar, ko da kuwa sun fi barewa gudu. A manyan gasanninsu har a kan hana ɗan ƙungiya ya yi wa abokansa nisan da ya wuce mita 100. Saboda haka sai ka ga ƙaƙƙarfa ya karɓi jakar wanda ya gaji ya haɗa da tasa, ko ya ɗaura masa igiya a ƙugu yana jansa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin adalci ne a ɗaure mai ƙarfi da sawun mai rauni? Kuma taimakon da doka ta tilasta, a kan kira shi kirki?

Mutumin Funtua ko na Malumfashi ba ya bukatar a kai shi Turai kafin ya gane wannan magana, gama ya gaji irinta a gona. Ita ce gayya. Tun zamanin da auduga ke mulkin wannan yanki, ana kai ta injin gurza na Funtua, jirgin ƙasa na kwasa zuwa Zariya, haka manoman Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Maska su ke fid da aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Mai gona ya raba goro, ya sa rana, mata su dama fura su tuƙa tuwo, samari su fito da garemani, makaɗan noma su biyo su. A jeru a gindin kunyoyi, ganga ta tashi, kowa ya duƙa. Wanda duk ya taɓa gani ya san tsere ne sosai, don kuwa wanda ya fara fid da kunyarsa shi a ke yi wa kirari, shi 'yammata ke yi wa guɗa. Amma fa mai gona bai gayyato mutane don a nome masa kunya ɗaya ba. Gayya ba ta tashi sai kunyar ƙarshe ta fita, don haka gwanin da ya riga kowa kai wa gefe sai ya juyo ya tarbi wanda ya makara. Ga tsere, ga kuma jiran na baya, a gona guda. Yau ƙwadago da garmar shanu da tarakta da maganin feshi sun rage gayya ƙwarai, har yaro ya kan girma a garin manoma bai taɓa duƙawa a sahu ɗaya da tsararrakinsa ba.

Mu fara da asalin tsere a shari'a, don kada wani ya zaci wasan banza mu ke ɓata wa takarda. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil 5 ko 6, waɗanda ba a horar ba kuwa aka yanka musu kamar mil 1, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙu. Ku lura, an ba kowane doki zango gwargwadon ƙarfinsa. Abu Dawuda ya ruwaito ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Muslim kuma ya kawo labarin Salamatu ɗan Akwa'u, wanda ya nemi izni ya yi tsere da wani Ba'ansare a hanyar komowa Madina, aka ba shi, ya kuwa ci. Malaman Malikiyya sun keɓe wa tsere babi, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu. Sun halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sauran kamar gudun ƙafa kuwa sun halatta su in ba a ɗora kuɗi ba, kuma da kyakkyawar manufa. Waɗansu malamai na wasu mazhabobi sun sassauta a kan kyautar da wani na waje ya bayar. Inda babu sassauci shi ne kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta.

To, mu koma ga tambayarmu. Mai ƙarfi yana da hujja, kuma wajibi ne mu saurare shi. Zai ce: ni na yi asubanci ina horar da jikina sa'ad da wane ke barci, don me za a auna ni da ƙafarsa? Ashe addini bai yabi masu rigaye zuwa ga alheri ba? Ashe ba a fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni ba? Duk wannan gaskiya ne. Al'ummar da ta hana gwani nuna gwanintarsa, don kada rago ya ji haushi, ta kashe kanta da kanta. Gayyar da babu kirari a cikinta ba ta gama gona.

Amma sai mu tambaye shi: me aka ba ka ƙarfin ka yi da shi? Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabiru cewa a halin tafiya Manzon Allah ya kan koma bayan ayari, yana kora mai rauni, yana goya shi a kan abin hawansa, yana yi masa addu'a. A tafiyar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suna da raƙuma wajen 70 kaɗai, mutum uku ke karɓa-karɓar raƙumi ɗaya, shi ma ya ɗauki rabonsa na tafiyar ƙasa bai yarda a ɗauke masa ba. Haka kuma an umarci liman ya sassauta salla saboda a bayansa akwai mara lafiya da tsoho da mai uzuri, in ya so tsawaitawa ya bari sai yana shi kaɗai. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su ma a kan wannan tsari su ke: jagaba a gaba yana nuna hanya, madugu uban tafiya kuwa a baya, inda gajiyayyu da jakunan da suka kāsa su ke. Watau shugaban ayari shi ne wanda ya ɗauki nauyin na ƙarshe. Ashe ke nan dokar nan ba ta tauye wa mai ƙarfi kome ba, aiki ta ƙara masa, aikin da ya fi gudu wuya. Gudu kai kaɗai ƙafa ya ke bukata. Kai wani tare da kai kuwa yana bukatar ƙafa da haƙuri da sanin halin mutane.

Daɗa kuma, a irin wannan tsere rauni yawo ya ke yi. A ce an shirya shi a Funtua, a tashi daga tashar jirgin ƙasa, a hau dutse, a ratsa kasuwa, a kai Mairuwa a komo. Wanda ya fi kowa gudu a kan kwalta yana iya zama shi ne mai jin jiri a kan dutse. Wanda a ke ja da igiya da hantsi yana iya zama shi kaɗai ya san lungun da zai rage musu rabin tafiya da la'asar. Ba wanda ya ke ƙaƙƙarfa a kowane zango, kamar yadda ba wanda ya ke ƙaƙƙarfa a dukan kwanakin ransa. Gwanin gayyar bana shi ne tsohon da za a yi wa gayya nan da shekara 30.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi zurfi. Wani zai ce: wanda ya ɗauki jakar abokinsa don kada lamba ta kuɓuce masa, ai kansa ya taimaka. Ayyuka da niyya su ke, niyyarsa kuwa kofi ce. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba za mu ce ladan mai neman kofi daidai ya ke da ladan mai neman yardar Allah ba. Sai dai mu duba yadda hali ke shiga mutum. Hausawa kan ce hali zanen dutse, amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, watau 1111, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u cewa hali yana sākuwa, kuma hanyar sāke shi ita ce mutum ya dinga tilasta wa kansa aikin masu halin har ya zame masa jiki. Mai son ya zama mai kyauta ya yi ta bayarwa ko zuciyarsa na ƙi, wata rana zai iske bayarwar ta yi masa daɗi. Yaro ɗan shekara 7 da a ke umarta da salla bai san ikhlasi ba tukuna, ana saba masa ne, niyya ta iske jiki ya riga ya horu. Hausawan da suka ce zanen dutse su ne kuma suka ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Saurayin da ya saba waiwayawa ya ga ko ɗan'uwansa na biye, ko da kofi ya sa shi da fari, ya koyi waiwaye. Gyaran niyya ya fi sauƙi ga wanda hannunsa ya saba da aikin.

Akwai wurare biyu da a ke gane ko darasin ya shiga. Na farko, ranar zaɓen abokan tafiya. In dokar ta sa ƙarfafa sun haɗa kansu sun bar raunana ba mai ɗauka, to, an bi harafin doka an yar da ma'anarta, kuma gyaran wannan yana wuyan masu shiryawa, su gauraya ƙungiyoyi da kansu. Na biyu, sa'ad da lamba ta riga ta tafi. In ƙungiya ta tabbata ba za ta ci kome ba, sa'an nan ta ƙi barin gajiyayyenta, ta kai shi har ƙarshe ba zagi ba gori, wannan kam kirki ne tsantsa.

Shi ma na baya akwai haƙƙi a kansa. Mai rauni dabam, rago dabam. Wanda ya ƙi horar da jikinsa ya shigo don a ɗauke shi, ya ci amanar abokansa. Wanda kuma girman kai ya hana shi faɗin ya gaji, ko ya hana shi miƙa jakarsa, har ya faɗi a inda ba a iya ɗaga shi, shi ma ya cuce su. Karɓar taimako da kyakkyawar fuska wani ladabi ne da mutane da yawa ba su iya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen wasa ne kurum. A shekarun nan, musamman 2020, mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun san gudun da ba kofi a ƙarshensa, sa'ad da 'yan bindiga suka tashe su suka nufo manyan garuruwa da tsofaffi da goyo. A irin wannan dare ba mai tsayawa ya yi nazarin wa ya kamata ya ɗauka. Abin da jiki ya saba shi ya kan yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka shawararmu ga malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin samari ita ce, in za su shirya wa yara tsere, su sa wannan doka a ciki. Su nisanci tara kuɗin caca, su tsara lokaci yadda salla ba za ta kuɓuce ba, su kiyaye sutura, su ba hanya haƙƙinta kada a bangaje mai talla ko a tsorata tsoho. Dattawan ƙauye kuma su raya gayya ko da sau ɗaya a damina, a gonar gwauruwa ko ta marayu ko ta mara lafiya, a yi wa wanda ya fara fita kirari, a ninka wa wanda ya juyo ya tarbi na baya.

Allah Ya ba mu ƙarfin da zai amfani waninmu, Ya kai mu zango tare da 'yan'uwanmu lafiya.