Baƙon Dare Ɗaya da Haƙƙin Masu Ruwa

Ƴan'uwa Musulmi, a ƙasar Mali, tsakanin Jenne da Tumbutu, kogin Isa yana rarrabuwa rassa-rassa, ya malale fadamu masu faɗi. Kafin yaƙin 2012, baƙi sukan ɗauki ɗan jagora a Mopti, su shiga jirgin ruwa su nufi tafkin Debo, su kwana bisa rairayi, washegari su komo.

Tambayarmu ita ce: irin wannan tafiya lura ce, ko kuwa kallo kurum?

Allah Ya umarce mu da tafiya bisa ƙasa domin mu wa'aztu. Wanda ya fahimci yadda fadamun nan ke riƙe ruwan da ya sauko daga duwatsun Gine, su sake shi sannu-sannu har kogi ya cika a Yamai cikin Janairu, babu ko ɗigon sama, lalle ya ga aya.

Amma wanda ya ɗauki hoton matar masunci tana ƙyafe kifi ba da izininta ba, ko ya tauye ladan jagoransa, ya ci haƙƙi. Wurin da ya kwana don shaƙatawa gidan wasu ne. Mu shiga da sallama, mu nemi izini, mu biya lada cikakke.

Allah Ya sa mu dace, amin.