Ɗana, Kafin Ka Ɗaura Ƙugiya

Ɗana, kifayen roban nan masu laushi, masu wutsiya tana rawa a ruwa, sun fara shiga hannun samarin Dutse. Wasu daga Kano ake kawo musu, wasu ta waya suke oda. Ba na hana ka. Su sana'a ce ta halal, kuma gara in ga yaro a bakin ruwa da fatsa da in gan shi a bakin titi babu aikin fari balle na baƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne ka kashe kuɗinka, ka hau babur har madatsar Warwade, ka wuni kana jifa, ka dawo hannu rabbana kana cewa ruwan Jigawa babu kifi. Akwai kifi. Ba ka tsaya ka tambayi kanka wane kifi ka je nema ba, da kuma girman bakinsa.

Wannan kaya a Amurka aka ƙirƙiro shi. Wani mutum mai suna Nick Creme, a jihar Ohayo, shi ya fara narka roba ya yi tana da ita a 1949, daga baya aka ci gaba har aka kai ga siffar ƙaramin kifi. Domin wani kifinsu da suke kira bas suka yi, mai ƙaton baki, mai farauta da ido, wanda ke ganin abu na motsi ya kai masa cafka. Wannan ba kifin ruwanmu ba ne. Mu abin da ya fi yawa a tafkunanmu da kogin da ya ratso ta Ringim ya nufi Miga da Haɗeja shi ne karfasa da tarwaɗa da kurungu. Karfasa bakinta ƙarami ne, kuma rabin abincinta gansakuka ce da ganyen ruwa. Tarwaɗa da gashin bakinta take lalube, ƙanshi da ɗanɗano take bi, ta fi fita da dare da cikin ruwa mai laka. Robar da ba ta da wari ba ta cika jan hankalinta ba. In ita kake so, nemi tana ko hanjin kaza, kamar yadda iyayenka suka yi. Robarka ta mafarautan kifi ce, irin giwan ruwa da tsage, a inda suke, kuma a lokacin da ruwa ya kwanta ya yi haske bayan damina.

Yanzu batun lamba, domin nan ake cutar yara a kasuwa. Ƙugiya lambarta a juye take tafiya. Mai lamba 12 ta fi mai lamba 6 ƙanƙanta, mai lamba 6 ta fi mai lamba 2 ƙanƙanta. Idan aka wuce lamba 1 sai lissafi ya sake, a koma 1/0, 2/0, 3/0, a nan kuma yadda lamba ke hawa haka girma ke hawa. Sannan kamfanoni ba su daidaita ma'auninsu ba: 3/0 ta Mustad, kamfanin Norwe da akwatunansa suka daɗe a kasuwanninmu, ba lalle ta yi daidai da 3/0 ta wani kamfani ba. Saboda haka kada ka tsaya daga nesa ka kira lamba. Tafi da robarka a aljihu, ka ce mai kaya ya fito da ƙugiya, ka ɗora ta a kan robar ka duba da idonka.

Abu biyu za ka duba. Na farko buɗin bakin ƙugiyar, wato tazarar da ke tsakanin tsininta da doguwar sandarta. Ya kamata ta kusa ninka kaurin jikin robar sau biyu. Dalili kuwa, lokacin da kifi ya cafka, robar tana matsewa ta cushe cikin lanƙwasar ƙugiya. In babu sarari, robar ce za ta rufe tsini, ka ji an ja, ka fizga, ka fito da kayanka lafiya lau kifi ya tafi. Na biyu tsawo. Tsinin ya fito a wajen tsakiyar bayan robar, kada ya wuce. Duk amfanin wannan abu yana wutsiyarsa, ita ce ke kaɗawa ta yaudari kifi. Ka zura masa dogon ƙarfe har kusa da wutsiya, ka sandarar da shi ke nan, ya zama tsinke ana ja a ruwa. A bisa kiyasi, roba mai inci 3 tana tafiya da 1/0 ko 2/0, mai inci 4 da 3/0 ko 4/0, mai inci 5 kuma da 5/0. Amma kauri ya fi tsawo muhimmanci, siririya da mai tumbi ba ƙugiya ɗaya suke ɗauka ba ko da tsawonsu ɗaya.

Na san zuciyar saurayi. Babbar ƙugiya yake so, domin a ransa babban kifi yake gani. Ka danne wannan kwaɗayin. Ƙugiya matsakaiciya mai kaifi da ƙarfe mai ƙwari tana riƙe kifin da ya fi ƙarfin tunaninka. Gwada tsinin a farcenka: in ya kama, to, in ya zame, wasa shi ko ka jefar da ita.

Wurin soke robar kada ka yi gaggawa. Tsini ya shiga ta tsakiyar hancinta daidai, ya bi tsakiyar jiki, ya fito ta tsakiyar baya. In ta ɗan karkace, za ta riƙa juyawa a ruwa tana murɗe maka zare. Kafin ka yi jifa mai nisa, ja ta nan kusa da ƙafarka ka ga yadda take iyo.

Sai matsalar da ta fi damun ruwanmu, wato kacala. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa ya janye a lokacinsa kamar da, wannan ciyawa ta samu wurin zama ta cinye hanyoyin ruwa. Masunta da manoman yankin Haɗeja sun sha wahalarta. Kifi kuwa a gindinta yake fakewa. In ka jefa ƙugiya tsirara a irin wannan wuri, kowane jifa asara ne. Dabarar ita ce ka soka ƙugiyar ta hanci ka fito da ita ta haɓa, ka juya ta, ka sake ratsa jikin da ita daga ciki zuwa baya, sannan ka ɗan cusa kan tsinin a ƙarƙashin fatar robar. Haka za ta ratsa ciyawa ba ta maƙale ba, sai kifi ya matsa tsini ya fito. Wannan ɗauri yana bukatar ƙugiya mai buɗin baki sosai, kuma fizgarka ta fi ta kullum ƙarfi. Dalma kuma ɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai nutsar da ita. A ruwa marar zurfi, mai nauyi laka kawai za ta nome maka. Inda kake zaton tsage, ƙara waya siririya kamar taki ɗaya tsakanin zare da ƙugiya, haƙoransa ba sa barin nailan.

Wani abu da nake roƙon ka da shi: kada gudun babbar ƙugiya ya sa ka koma ɗaya gefen, ka sayi ƙugiya 'yar mitsitsi kana tsince 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba. Wanda bai taɓa yin ƙwai ba, cire shi a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka mayar. Robar da ta yage kuma sa ta a aljihu ka kai gida, domin kifin da ya haɗiye ta cikinsa ba ya narkar da ita.

In ka isa ruwan da ba na garinku ba, nemi Sarkin Ruwa ko dattijan masuntan wurin, ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Tambaye su inda aka hana su da lokacin da aka hana, da inda suka shimfiɗa mamari da raga, kada ƙugiyarka ta yaga wa mai iyali abin neman abincinsa. Ka nuna musu robar taka ma. Za su gaya maka ko akwai kifin da zai kai mata baki a wannan ruwa, da gefen da yake kwana.