Rarar Ruwa a Bakin Teku: Tsadar Data a Ma'aunin Shari'a

Malaman fiƙihu sun daɗe suna bambanta tsadar da ƙarancin kaya ya haifar da wadda hannun mutum ya ƙulla. Ta farko jarrabawa ce, maganinta haƙuri, ta biyu kuwa akwai wanda za a tuhuma a kanta. Tsadar data a Nijeriya ba ta ƙarancin kaya ba ce. A da waya ɗaya ce ta ƙarƙashin teku, SAT-3, take haɗa ƙasar da duniya, tana hannun NITEL. A 2010 MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo baya a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka a 2022, sannan 2Africa a 2024. Farashin sari a bakin teku ya faɗi ƙwarai, kuma mafi yawan abin da wayoyin nan za su iya ɗauka yana nan ba a taɓa shi ba. Amma duk da haka ɗalibi a Gusau ko mai shago a Potiskum ƙirga megabait yake yi, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari.

Musulunci yana da magana a kan rara. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya riƙe ruwan da ya wuce buƙatarsa alhali wasu na cikin ƙishi. Wanda ya haƙa rijiya yana da haƙƙin wahalarsa, amma ba shi da haƙƙin ya bar ruwa ya kwanta dabbobin maƙwabci na mutuwa. Wani zai ce ai data ba ruwa ba ce, babu wanda ya taɓa mutuwa don ta ƙare masa. Haka ne, ba ta kai matsayin larura irin ta abinci ba. Sai dai malaman usulu sun ajiye wani mataki tsakanin larura da ƙawa, wato buƙata, abin da rashinsa ke jefa jama'a cikin ƙunci. Yaron da ba zai yi rajistar JAMB ba sai ta intanet, da 'yar kasuwar da ta kasa karɓar kuɗin cinikinta a lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 saboda tiransifa ta maƙale, sun san matakin da data ta taka. Kuma buƙatar da ta game al'umma, a ƙa'idar malamai, ana ba ta hukuncin larura.

To wa ya riƙe rarar? Nan ne nake ganin fushin jama'a yakan tsaya a rabin hanya. Ana zagin kamfanonin waya, ana kiran gwamnati ta ƙayyade musu farashi. Kamfanonin kuwa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: da dala suke sayen na'urori, da dizal suke kunna dubban turakun sadarwa, ga masu aikin titi na tsinke musu waya kullum. Kuma da aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina, bai yarda ba, don gudun kada ya zalunci wani. Ibn Taimiyya a littafinsa na Hisba ya halatta ƙayyadewa idan 'yan kasuwa kaɗan suka mamaye abin da mutane ba su da makawa a kansa, kuma kasuwar da kamfanoni huɗu suka riƙe ta cancanci a sa mata ido sosai. Amma matse farashi ba zai kawo waya daga Legas zuwa Sakkwato ba.

Abin da ya tsare hanya ya fi kama da kuɗin shinge. Kafin kamfani ya binne waya sai ya biya jiha kuɗin izinin haƙa, kuma akwai jihohin da suka riƙa karɓar dubban naira a kan kowace mita. A 2020 gwamnoni suka amince da naira 145, wasu ma suka yafe ɗungurungum, wasu suka ci gaba da tatsa ta wasu sunaye. Kowane sisi da aka karɓa a nan, talakan jihar ne zai biya shi a katin da ya saya, ko kuma wayar ta ƙi zuwa garinsu sam. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe daga hannun fatake da 'yan kasuwa cikin alamomin mulkin zalunci, kuma gwamnan da ke alfahari da gadon Shehu bai kamata ya buƙaci a tuna masa ba.

Za a ce jihohi na neman kuɗin shiga don biyan albashi. Neman halal ne, amma ba ta hanyar toshe abin da zai yalwata arzikin da harajin kansa zai fito daga ciki ba. Ga abin koyi ga masu mulki: Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya mai da ita waƙafi lokacin da mai ita yake sayar wa mutanen Madina ruwa. Gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 90,000. Idan da dukiyar jama'a za a yi ta, wajibi ne ta zama a buɗe ga kowane kamfani, babba da ƙarami, a kan farashi ɗaya da kowa ya sani, kuma a fara da garuruwan da 'yan kasuwa suka ga ba riba suka tsallake.