Mai Kwana a Ƙarƙashin Gada

Jama'a, in muka ga mutum ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gadar Obalende, me muke fara cewa? "Ɗan ƙwaya ne," ko "ɓarawo ne." Mun yanke masa hukunci tun ba mu ji sunansa ba.

Alhali mun san Legas. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na ejan a kai. Ɗan dako ina zai samo? Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin Fabrairun 2021, ya bar 'yan kasuwa masu rufin asiri ba shago ba ɗaki. Halinsu ne ya lalace?

Gaskiya akwai ɓata-gari a cikin masu kwanan waje, amma a cikin masu benaye ma akwai su. Illar zargin nan ita ce, wanda muka yi wa tambari ba mai tsaya masa ya samu aiki, sai ya daɗe a titi.

Ahlus Suffa a masallacin Annabi (SAW) suke kwana, har da Abu Huraira, mutanen Madina na kawo musu dabino. Mu ma kafin mu kulle masallaci bayan isha'i, mu tambayi wanda ya rage a ciki ina zai kwana. Allah ya rufa mana asiri.