Da Hannun Wa Kake Tawakkali?

Sana'ata gyaran inji ce. Injin ban ruwa, injin niƙa, injin casar shinkafa, duk abin da ke shan fetur ko gas yana juyawa tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, in ya ƙi tashi akan aiko a kira ni. A wannan sana'a akwai wata buƙata da ba ta ƙarewa, kuma ba gyara ba ce. "Malam, cire muna wanga abu." Abin da ake nufi shi ne murfin ƙarfen da ke rufe bel, ko ragar da ke bakin injin casa, ko fiyus ɗin da ya cika ƙonewa, a maye gurbinsa da waya mai kauri. In na yi gardama, amsar ba ta canzawa: abin da Allah bai rubuta ba ba ya faruwa, wanda ya rubuta kuwa ko murfi goma ba su tare shi.

Wannan magana gaskiya ce, a kanta aka raine ni, a kanta nake fatan cikawa. Abin da ke damuna shi ne inda ake ajiye ta, da kuma wanda ke biyan kuɗinta.

An taɓa kirana wani gida a Sakkwato in duba injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, an sayo shi na hannu daga waje. Mai gadin da ke tuƙa shi ya ce injin yana da aljanu, da ya ɗaga jikinsa don ya kawar da dutse sai ya mutu. Na ɗaga kujerar na nuna masa wani ɗan makunni da bai kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu a jikinsa. Nauyin mutum ne ke danne shi. In mutum ya tashi ko ya faɗo, makunnin ya saki, wuta ta yanke, wuƙaƙen da ke ƙasa su tsaya. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in haɗe wayoyin kawai a huta.

Abin mamaki, a ƙasar da aka ƙera injin ma wannan gardama ake yi. Tun 1982 dokar Amurka ta wajabta cewa injin yankan ciyawa na turawa da hannu, wuƙarsa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da zarar an saki mariƙinsa. A 2003 masu ƙera na hawa suka amince da ƙa'idar cewa kada injin ya ci gaba da yanka yana tafiya da baya sai direba ya danna wani maɓalli da gangan, saboda yaran da ake takewa a bayan injin, sau da yawa iyayensu ko kakanninsu ne a kan kujerar. Duk da haka akwai masu cire waɗannan na'urori. Su ba ƙaddara suke ambata ba, 'yanci suke ambata: injina ne, gidana ne, na san aikina. Harshe biyu ne, amma zuciyar maganar ɗaya ce. Mutum ba ya son ƙarfe ya gaya masa cewa zai iya kuskure.

Ba zan raina hujjar mutanenmu ba, don ina zaune a cikinsu. Mai injin niƙa a ranar kasuwa bel ɗinsa yakan zame sau da yawa, kuma kwance murfi da mayar da shi na cin lokaci, ga mata da yara sun yi layi da ƙwarya da bokiti. Ƙurar hunturu na shiga makunni ta kashe shi, wani lokaci sai an je Sakkwato ko Kano kafin a samo sabo. Manomin da albasarsa ke jiran ruwa a fadamar Wurno, ko shinkafarsa a filayen da ke ƙasan madatsar Goronyo, kwana biyu ba inji na iya cinye masa wahalar rani ɗungurungum. Talauci ba wasa ba ne, kuma wanda bai taɓa cin bashin taki ba bai kamata ya yi saurin ɗaga murya ba.

Amma ga abin da idona ya gani. A wani ƙauye da ke kan hanyar Rabah, an aiki wata yarinya niƙan gero. Injin tsohon Lister ne, an daɗe da cire murfin bel ɗinsa, har an mayar da shi abin ba kaji ruwa a bayan rumfa. Ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryarta, iska ta kaɗa gefen hijabinta, bel ya kama. Yaron da ke kula da injin, wanda bai girme ta da yawa ba, ya yi ta lalube bai san inda zai kashe ba, don wannan injin sai an ja wani ƙarfe a ɗaya gefen. Allah ya sa hijabin tsoho ne, ya yage. Ta rayu, amma kafaɗarta ta goce, fatar wuyanta ta saluɓe kamar an ja igiya a kai. Da yamma na iske mai injin zaune, mutane na shigowa suna yi masa jaje. Kowa na cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ba wanda ya kalli bayan rumfa.

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya. Mai injin ya ce ya dogara ga Allah. To, shi ba ya tsayawa kusa da bel. Yana zaune a kan benci yana karɓar kuɗi. Wanda ke tsayawa kusa da bel ɗan wani ne da aka ɗauka aiki, da 'yar wani da aka aiko. Mai tarakta da ya bar sandar da ke juyawa a bayanta tsirara, ba babbar rigarsa ce za ta naɗe a jiki ba, ta ɗan ƙwadago ce. In mutum ya ga dama ya sa ransa a haɗari, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ko da yake ran ma amana ce a wurinsa. Amma sa yatsun wani a haɗari a kira shi tawakkali, wannan cin amana ne da aka yi wa rawani.

A makarantar zaure inda na yi ɗan karatuna mun ji labarin balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya ɗaure ta, aka umarce shi ya haɗa biyun. Mun ji cewa ranar Uhudu ya sa sulke biyu, ranar taron dangi kuma ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo a gefen Madina. Mun ji yadda Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya sami labarin annobar Amwas a hanya, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddara take, kamar makiyayin da ya iske kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Darasin a fili yake: murfin bel ba ya faɗa da ƙaddara, shi ma cikinta yake. Wa ya sani ko ta hannun wannan ƙarfen Allah ya rubuta tsirar yarinyar?

Mu mutanen Wurno ma ba mu da bakin musu, don a kan hujjar muke kwana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da garin nan ribaɗi, ya zauna a cikinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Wa zai ce ya fi shi sanin ƙaddara? Amma ya kewaye gari da ganuwa, ya zaunar da mayaƙa a bakin iyaka, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Bai ce maharan da aka rubuta za su shigo sai sun shigo ba, don haka a bar ƙofa buɗe. Jikokin waɗanda suka ɗebi ƙasar ginin ganuwar nan su ne yau ke ce mini in cire raga daga bakin inji.

Shari'a kuma ba ta bar maganar a wa'azi kawai ba. A Risala, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya ratsa, an ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta in ta taka mutum. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora wa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, inda bai da izini, alhakin wanda ya faɗa. Malaman nan sun yi imani da ƙaddara fiye da mu, amma ba su ce wa mai raƙumi ya tafi abinsa tsautsayi ne ba. Diyyar yatsa ɗaya raƙuma 10 ce, ta hannu ɗaya rabin diyyar rai, wato raƙuma 50. Wannan shi ne farashin da addini ya sa wa abin da injin casa ke gutsurewa cikin ƙiftawar ido. Murfin da ke kare shi kuwa, ko mai walda a bakin kasuwa zai lanƙwasa maka shi daga tsohuwar ganga.

Abin da na fahimta shi ne ƙaddara tana da lokacin ambatonta. Bayan abu ya faru, ita ce ke hana uwa haukacewa, ita ce ke hana dangi biyu zubar da jini, ita ce ke ba mutum ƙarfin tashi gobe. Wannan rahama ce babba, kuma ba na son ranar da za mu rasa ta. Amma kafin abu ya faru, ba wanda ya leƙa abin da aka rubuta. Abin da ke gabanka umarni ne da hani, da hankalin da aka ba ka. Wanda ya ɗauko maganar da aka tanada don rarrashin mai makoki ya mayar da ita lasisin sakaci, ya zalunci maganar, ya zalunci mutane.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Masu cewa a cire makunni yawanci ba sababbin shiga ba ne, gwanaye ne. "Tun kana goye nike wanga aiki," in ji wani dattijo. Gaskiyarsa. Sai dai ba don jahili aka yi na'urar ba. An yi ta ne don gwanin da ya kwana ban ruwa, ya wayi gari yana casa da azumi a bakinsa, rana ta take, wani ya kira sunansa ya waiga. Daƙiƙa ɗaya ce. Addininmu ya san ɗan Adam mai rauni ne mai mantuwa, shi ya sa ko a salla aka tanadi ƙabli da ba'adi, har ga limamin da ya haddace Alƙur'ani. In ibada ta yi wa rafkanwa tanadi, don me aikin ƙarfe zai ƙi? Barin makunnin nan a wurinsa tawali'u ne, amincewa ce cewa ni bawa ne, zan iya gajiya. Cire shi kuwa, ko da sunan Allah aka cire, dogaro ne ga kai.

Shi ya sa na ƙi haɗe wa mai gadin nan wayoyinsa, kuma nake ƙin ɗaura inji ba murfi. Wasu sukan yi fushi su tafi wurin wani, na sani, kuma abincin 'ya'yana ne ke tafiya da su. Ina roƙon 'yan'uwana makanikai mu haɗa baki a kan wannan, kada a ƙi a nan a samu a can. Ina roƙon masu inji su nuna wa kowane yaro inda ake kashewa kafin su nuna masa inda ake tayarwa. Ina roƙon limamanmu, in kaka ta gabato injunan casa suka fara shiga gonaki, su ba wannan magana huɗuba guda, yadda suke ba zakkar amfanin gona, don tsare rai na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dominsu.

Ni dai abin da na riƙe ke nan. Ranar hisabi ba za a tambaye ni abin da ke cikin Lauhul Mahfuzu ba, don ba a nuna mini shi ba. Za a tambaye ni noti huɗu da sifana da aka sa a hannuna, da ɗan mutanen da na san zai tsaya kusa da bel bayan na tafi.