Shawarar Yetro da Famfon Zongo

Karatu: Fitowa 18:13-27
Ayar tunani: 2 Korantiyawa 8:21

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin da muka ba ka a sama, ka karanta su a hankali.

Musa bawan Allah ne. Ta hannunsa Ubangiji ya fitar da Isra'ilawa daga Masar, ya raba teku, ya ba su ruwa daga dutse. Ba wanda zai ce Musa ba ya addu'a, ko ba ya ƙaunar jama'arsa. Duk da haka, a karatunmu na yau mun same shi yana yin aikin kirki ta hanyar da za ta kashe shi. Tun safe har yamma yana zaune yana shari'a, jama'a suna tsaye kewaye da shi, kowa yana jiran a kai kansa. Mai ƙaramar magana da mai babba duk layi ɗaya suke bi.

Sai ga surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya zo ziyara. Ka lura da yadda dattijon nan ya yi. Da farko ya saurari labarin abin da Allah ya yi wa Isra'ila, ya yi murna tare da su. Kashegari ya zauna ya duba aikin da idonsa. Daga nan ya yi tambaya, ya ji amsar Musa. Sai bayan wannan ya gaya masa gaskiya, cewa in ya ci gaba haka, shi da jama'ar duka za su gaji su kasa. Ya kuma ba shi tsari: Musa ya riƙe addu'a da koyarwa da manyan shari'u, ya zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba su karɓar hanci, ya sa su shugabannin dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Musa, mutum mai shekara tamanin da ya yi magana da Allah, ya karɓi shawarar. Yetro kuwa ya koma ƙasarsa.

Abin da za mu riƙe yau ke nan: kyakkyawar zuciya ita kaɗai ba ta isa aikin jama'a ba. Ana bukatar sanin yadda ake tsara aiki, kuma wannan sanin ma kyauta ce daga Allah. Wani lokaci yakan aiko shi ta bakin baƙo.

Bari mu kai wannan darasi wata unguwa ta zamaninmu. A yammacin Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai unguwa mai suna Zongo. Dabam take da Zangouettin, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar birnin, wanda aka rushe a 2003 domin a gina shagunan kasuwanci da ofisoshi. Zongon da muke magana a kai ta girma ne a bakin gari, cikin unguwannin da mutanen can suke kira nonloti, wato inda gwamnati ba ta riga ta yanka filaye ta raba ba. Mutane sun gina ɗakunan tubalin laka inda suka samu wuri, lunguna sun karkace, ba takardar mallaka daga hukuma.

Ruwa shi ne babbar wahalar irin waɗannan unguwanni. Mata da yara sukan yi tafiya su bi layi a famfon unguwar da aka yanka, ko su saya daga masu tura ganga a kura, da tsada fiye da abin da mai famfo a gida yake biya. Talaka ne ya fi kowa biyan kuɗin ruwa. Tun 2004 ruwan madatsar Ziga ya fara shigowa birnin, amma kamfanin ruwa na ƙasa, ONEA, bai saba shimfiɗa bututu inda ba titi madaidaici ba, ba kuma lambar gida.

A 2009 aka gwada sabon tsari, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, a unguwanni biyar: Zongo, Bissighin, Bogodogo, Nioko 2 da Toukin. ONEA ta kawo ruwa har bakin unguwa, ta sa babbar mita a wurin. Daga nan ta danƙa sauran aikin ga ƙananan kamfanoni ta hanyar yarjejeniya a rubuce. Su ne suke sayen ruwan a dunƙule, su rarraba shi ta famfunan jama'a da na gidaje, su karanta mitoci, su karɓi kuɗi, su gyara inda ya fashe. Ka ga shawarar Yetro a nan? Babban aiki, wato madatsa da tace ruwa da babban bututu, ya zauna a hannun babba. Ƙaramin aiki ya koma hannun waɗanda suke kusa da jama'a.

Akwai wani abu kuma. Wanda aka danƙa wa unguwa zai biya kuɗin dukan ruwan da ya wuce ta babbar mita, ko ya sayar da shi, ko ya zube a ƙasa da dare. Saboda haka dole ya koyi riƙe littafi, ya san abin da ya shigo da abin da ya fita, ya nemi wurin yoyo tun bai yi girma ba. Son jama'a ba zai toshe bututu ba, sai wanda ya iya.

Yanzu mu juyo gida. A unguwanni kamar Zongo, ko a Kano, ko Maraɗi, ko Zariya, ikkilisiya tana cikin masu ɗaukar nawayar jama'a. Zumuntar mata tana adashi, matasa suna share kwata, akwai kwamitin gwauraye da marayu, wani wuri an haƙa rijiyar burtsatse, wani wuri an buɗe ajin yaƙi da jahilci. Da waƙa da addu'a ake fara waɗannan ayyuka. Amma yaya da yawa cikinsu suke ƙarewa? Kan famfo ya lalace, ba a taɓa ajiye kuɗin gyara ba. Ma'aji ya yi tafiya, lissafin duka yana cikin kansa. Wata ta ce ta ba da kuɗi, wata ta ce ba ta karɓa ba, ba rasit, ba shaida. Fasto shi ne shugaba, shi ne magatakarda, shi ne mai zuwa kasuwa sayen siminti, har wa'azin Lahadi ya rasa lokacin shirya shi. Sai zargi ya shigo, iyalai su daina gaisawa, waɗansu su bar sujada. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sau da yawa ba ɓarawo a cikinsu ko ɗaya, rashin tsari ne ya tsaga bangon. Maƙwabta kuma suna kallo, sunan Almasihu ne yake shan kunya.

Akwai kuma ranar da ake gwada kowane tsari. Ranar 1 ga Satumba 2009 ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin yini guda. Gidajen laka suka rurrushe, ruwa ya shiga har babban asibitin Yalgado Ouédraogo, mutane wajen 150,000 suka rasa matsuguni, da yawa suka fake a makarantu. Daga baya aka ba waɗansu filaye a Yagma. Ka yi tunanin ikkilisiyoyi biyu a irin wannan rana. Ɗaya tana da sunayen iyalanta a rubuce, ta san gidan da yake da tsohuwa da wanda yake da jariri, ta san wanda zai karɓi buhun shinkafa ya sa hannu. Ɗayar tana da hawaye da fatan alheri. Dukansu suna ƙaunar Ubangiji, amma wacce za ta kai taimako ga gwauruwa kafin dare?

Don haka muna da magana ga mutum uku.

Na farko kai ne, shugaba, ko fasto, ko dattijon ikkilisiya, ko uwar zumunta. Neman koyarwa ba rashin bangaskiya ba ne. Musa bai ce wa Yetro, ai ni ne na ga kurmi yana cin wuta, me za ka koya mini ba. Matambayi ba ya ɓata. A Burkina Faso, tarayyar ikkilisiyoyin bishara, FEME, ta kafa ofishinta na ayyukan raya jama'a, ODE, tun 1972, a zamanin babban farin Sahel, Katolika kuma suna da OCADES. Ikkilisiyoyi da yawa a Nijeriya da Nijar su ma suna da sashe irin wannan. Ka je ka tambaya. Kada kuɗi kawai ka roƙa. Ka roƙa a koya wa mutanenka riƙe littafin kuɗi, da rubuta abin da aka yanke a taro, da yadda ƙungiya take yin rajista wurin hukuma, da yadda ake ware kuɗin gyara daga abin da famfo yake kawowa. Kuɗi yakan ƙare, abin da aka koya yakan zauna.

Game da kuɗi, dubi manzo Bulus. Da ya tattara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauke ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 mun ga Titus, da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu ya yi rakiyar kuɗin, domin kada a sami abin zargi. Bulus ya so abin ya zama daidai a gaban Allah da gaban mutane kuma. In manzo ya nemi shaidu, wane ne kai da za ka ji haushi don an ce mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi? Littafin da ake karantawa a gaban jama'a kowane wata garkuwa ce ga mai gaskiya.

Na biyu kai ne da Allah ya ba ka sana'a. Kai akawu ne, ko mai gyaran famfo, ko magini, ko malamin makaranta, ke kuma ma'aikaciyar jinya ce ko 'yar kasuwa da ta iya lissafi. Kana zuwa sujada ka zauna a baya, kana ganin kwamiti yana fama da abin da kai za ka warware cikin awa ɗaya, ka yi shiru, wataƙila ma ka yi dariya a hanyar gida. Ka karanta Fitowa 35:30-35. Ruhun Allah ne ya cika Bezalel da gwanintar aikin hannu, ya kuma ba shi da Oholiyab baiwar koya wa waɗansu. Iyawarka amana ce. Ka ba da yammacin Asabar ɗaya a wata, ka zauna da ma'ajin zumunta ku ja layi a littafi, ko ka ɗauki samari biyu ka nuna musu yadda ake kwance kan famfo a mayar.

Na uku kai ne da ka zo daga waje, daga hedkwatar ikkilisiya ko wata ƙungiyar taimako. Ka bi sawun Yetro. Ka fara da jin abin da Allah ya riga ya yi a wurin kafin zuwanka. Ka zauna ka gani, gama gani ya kori ji. Ka yi tambaya kafin ka yi gyara. Ka faɗi gaskiya ba tare da wulakanci ba. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, ka yi sallama ka tafi. Yetro bai nemi kujerar Musa ba, bai kuma sa sunansa a kan alfarwa ba. Taimakon da ya bar mutane suna jiran motarka kowane wata bai gama aikinsa ba tukuna.

Me ya sa duk wannan ya shafi bishara? Ta bakin annabi Irmiya, sura 29, Allah ya umarci mutanensa da suke baƙunci a Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Famfon unguwa ba ya tambayar addinin mai tulu. Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya duk layi ɗaya suke bi. Idan rijiyar da ikkilisiya ta haƙa tana ba da ruwa bayan shekara goma, lissafinta kuma a buɗe yake, unguwa za ta saurare mu ranar da muka yi maganar Yesu, wanda yake ba da ruwan rai. Shi da ya ba da ransa dominmu a kan gicciye ya cancanci aikin da aka yi da kyau.

Tambayoyi don tunani:
1. Wane kaya kake ɗauka kai kaɗai wanda ya kamata ka raba wa waɗansu?
2. In ma'ajin ƙungiyarku ya yi tafiya gobe, wani zai iya buɗe littafi ya ci gaba?
3. Wace sana'a Allah ya ba ka, wa za ka koya wa a wannan wata?

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin kai Allah ne mai tsari, kai ne mai ba da hikima ga masu roƙo. Ka ba shugabanninmu tawali'un Musa, su ji shawara. Ka ta da masu sana'a a cikinmu su ba da hannu da zuciya ɗaya. Ka tuna da mutanen Zongo da dukan mazauna bakin gari, da gwauraye da marayu, da masu neman ruwa da matsuguni. Ka tsare ikkilisiyarka daga zargi da rarrabuwa, domin a ɗaukaka sunanka a unguwanninmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.